Buta da murfin salga

Yau zancenmu na makewayi ne.

Kullum mata suna share makewayi. Amma akwai abin da tsintsiya ba ta taɓawa. Na farko shi ne buta.

Ku duba tafiyar buta. Ana aje ta ƙasa, dab da bakin rami. Ana kama ta tun ba a wanke hannu ba. Daga nan sai a kai ta bakin randa a cika. Wani ya ɗauka ya yi alwala, har ya kurkure baki. Ido ba ya ganin komi, amma ƙwayoyin zawo sun bi ta. Haka kwalara take yaɗuwa, irin wadda ta faɗa wa jihar Maraɗi a 2018.

To, ku ware buta guda ta makewayi kaɗai. Ku cuɗe mariƙinta da bakinta da gindinta da sabulu. In babu sabulu, toka ta isa. Ku rataye ta ga ƙusa, kada ta kwana ƙasa.

Sai murfin salga. Ku juya shi ku gani, nan ƙuda ke taruwa. Ku wanke shi, ku watsa toka cikin rami, ku rufe.

Rariya kuwa, ku leƙa bayan katanga. In ruwan wanka ya kwanta can, sauro zai yi ƙwai. Ku gina rami, ku cika shi da duwatsu, ruwan ya shanye.