Kacalla a Dausayin Haɗeja da Nguru

Kacalla ciyawar ruwa ce mai dogon ganye, wadda takan shige tsayin mutum nesa ba kusa ba, tana fitar da kai irin zangarniyar gero. Ta mamaye hanyoyin ruwa da fadamu a dausayin Haɗeja da Nguru, tsakanin jihohin Jigawa da Yobe, inda kogin Haɗeja da na Jama'are suke malala kafin su zama Komadugu Yobe mai nufar Tafkin Cadi.

Madatsun ruwa ne suka buɗe mata ƙofa. A da, kogin Haɗeja yakan cika da damina ya janye da rani, ƙasa ta bushe ƙayau, saiwar ciyawa ta mutu. Da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992, sai aka koma sakin ruwa har cikin rani domin noma. Ruwa mara zurfi da ba ya ƙafewa kuwa shi kacalla take so. Tana yaɗuwa ta iri da iska ke ɗauka, tana kuma rarrafe ta saiwa a cikin laka.

Idan ta cunkushe mashigi, gudun ruwa yakan ragu, yashi ya taru, ruwan ya fasa gefe ya shanye gonakin shinkafa, na ƙasa kuma su rasa shi. Kwale-kwale ba ya ratsawa, masunci ba ya samun wurin jefa birgi. A cikinta tsuntsayen janbaki suke kwana, gari na wayewa su sauka kan shinkafa da gero. Sauro da dodon koɗi mai ɗauke da tsargiya ma sun sami mafaka.

Ƙonawa ba ta kashe ta, domin saiwar tana ƙasa lafiya lau. Yanka a ƙarƙashin ruwa ya fi tasiri: ta ganye saiwar take samun iska, in ruwa ya rufe kututturen sai ta shaƙe. Haka mutanen ƙauyuka suke yi da lauje da adda a aikin gayya, ruwa iya ƙirji, aiki mai cin rai da dole a maimaita shi. Gwamnati kuma tana yashe hanyoyin da manyan injuna. Sai dai muddin tsarin sakin ruwa daga madatsun bai bar fadamun sun riƙa bushewa wani lokaci a shekara ba, wurin da aka share bana kacalla za ta sake rufe shi.