Tankin mota mai yoyo: a sake shi, kada a kai masa wuta

Tsohuwar motar kasuwa ita ce jakin ƙauyukanmu. Peugeot 404 da 504 da Toyota su ke kai gero da albasa kasuwa, su ke kai mai naƙuda asibiti. Amma da yawa daga cikinsu suna tafe suna ɗigar da mai, fasinja na shaƙar wari, direba ya shafa sabulu a huji ya ce sai gobe. Sabulu dabarar kai wa gari ce kawai.

Me ke huda tanki, wanda makanikai ke kira rezarbuwar? Na farko tsatsa. Ruwan da ke shiga tare da man kwalba ya fi mai nauyi, sai ya kwanta a ƙasan tanki yana cin ƙarfe. Na biyu duwatsu da gargadar hanya. Na uku lakar damina da ke maƙalewa tsakanin tanki da maɗaurinsa.

Abin da muke so kowa ya riƙe shi ne: tankin da aka zazzage bai rabu da haɗari ba. Tururin isansi ke kama wuta, kuma tankin da babu mai cike yake da wannan tururi haɗe da iska. Tartsatsi ɗaya ya isa ya fasa shi. Shi ya sa muke cewa kada a kai shi wurin mai walda, ko da an ɗauraye shi. A watan Mayu na 2019, wata tankar mai ta kife kusa da filin jirgin sama na Yamai, jama'a suka taru suna kwasa, wuta ta tashi, mutum sama da 50 suka rasu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ga yadda ake sake tanki. A yi aikin da safe, a fili, nesa da murhu da fitila da mai shan taba, bayan inji ya huce. Kada a yi shi bisa ramin gareji, domin tururin ya fi iska nauyi, cikin rami yake taruwa. A fara cire wayar batir mai alamar ragewa. A janye man da famfon hannu zuwa cikin bido na ƙarfe mai marfi. Kada a zuƙa da baki: isansi in ya shiga huhu yana ƙona shi, yana iya kisa.

Sannan a sa wa tayoyi waigi, a ɗaga mota, a tokare ta da gumagumai masu ƙwari. Jak shi kaɗai ba abin amincewa ba ne. A kwance tiyon zuba mai, da mai kai mai ga inji, da na numfashi, da wayar awon mai, ana yi wa kowane alama. Mutum ɗaya ya tallabi tanki, ɗaya ya kwance ƙusoshi. Ƙusar da ta cije a jiƙa ta da man inji a jira, kada a sare ta da abin da ke fid da tartsatsi.

In tankin da aka sayo na hannu ne, a leƙa cikinsa, a cika shi da ruwa a ga ko yana tsattsafo, a shanya shi ya bushe sarai. A sa sababbin tiyo da sabon matacin mai. Bayan an ɗaure, a zuba lita 5 a duba ƙasa kafin a mai da wayar batir. Ran da aka cika shi, a sake dubawa.

A aje bokitin rairayi kusa, domin ruwa yaɗa wutar mai yake yi. Lambar ƴan kashe gobara ita ce 18. Wanda mai ya zubo wa ya tuɓe tufafin, ya yi wanka da sabulu. Wanda ya haɗiya kada a sa shi amai, a gaggauta kai shi asibiti. Tsohon tanki kuwa, kada a zuba masa ruwan sha ko na dabbobi, kada a yar da shi kusa da rijiya ko inda yara ke wasa.

Malaman yaƙi da jahilci, ku karanta wannan shafi tare da ɗalibanku, ku kai shi tasha ran kasuwa. Allah ya kiyaye mu.