Farin jinin jaruman fim mata: yadda yake hawa da sauka a idon masu kallo a Lafiya

Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa tun 1996, ba ta ƙarƙashin Hukumar Tace Fina-finai ta Kano, amma kasuwar Kannywood ce sosai. Da Hausa ake ciniki tsakanin Eggon da Alago da Gwandara da sauran ƙabilun garin, don haka masu kallon fim ɗin Hausa a nan sun haɗa da waɗanda ba Hausa ake yi a gidajensu ba, har da Kiristoci. Hukuncin da aka yanke wa jaruma a Kano kan iso Lafiya ne a matsayin labari, kowa ya auna shi da mudunsa.

A zamanin kaset, fuska ce ke sayar da fim. Bayan fim ɗin Sangaya na 1999, hoton Fati Muhammad a jikin kwali ya isa a sayi kaset, kuma dillalan kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano sun fi kowa sanin haka. Farin jini irin wannan kan yi shekaru, aure ne ke katse shi. Jaruma ta yi aure ta bar fim, idan zaman bai ɗore ba ta dawo ta tarar wata yarinya ta gaje kujerar. Ali Nuhu da suka yi tashe tare yana nan daram, har aka naɗa shi shugaban Hukumar Fina-finai ta Najeriya a 2024. Namiji na tsufa a gaban masu kallo a ƙara masa girma. Mace ba a cika ba ta wannan damar ba.

Rikicin bidiyon Maryam Hiyana a 2007 ya nuna baki biyu na jama'a. An dakatar da shirya fim a Kano, an ɗora Abubakar Rabo a kan hukumar tacewa, ana ta tofin Allah tsine, amma a lokacin ne hotunanta suka bazu a jikin motocin haya. Duk da haka sana'arta ta tsaya cak, domin ba ta da wata hanyar kaiwa ga masoyanta sai ta hannun furodusa da dillali.

A 2016 ƙungiyar masu shirya fim ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda bidiyon waƙa da ta yi da mawaƙi ClassiQ. Ba ta durƙushe ba: ta shiga fina-finan Kudu, ta fito a fim ɗin Indiya a 2022. Bambancin shi ne masoyanta na cikin wayarta, ba mai iya ƙwace su da takardar kora. Sai dai wayar ce kuma ta jawo mata ca a 2020 kan wasu hotuna, har ta fito ta ba da haƙuri.

A ganina babban sauyin ya zo ne da fina-finai masu dogon zango. Tsaya a shagon masu tura fim a waya cikin Lafiya ka saurara: sunan shiri ake kira, “sa min Labarina”, “akwai sabon Izzar So?”, ba sunan jaruma ba. Da Nafisat Abdullahi ta bar Labarina, Fati Washa ta karɓi matsayin Sumayya, an yi ƙorafi na ɗan lokaci, kallo ya ci gaba. Ashe rabin soyayyar ta Sumayya ce.

Wannan ya ƙara wa furodusa ƙarfi, ya rage wa sabuwar jaruma bakin ciniki. Tunda kuɗin fim ba ya riƙe ta, sai ta koma tallan turare da atamfa a Instagram da TikTok, inda mai kaya ke biya gwargwadon yawan mabiya. Mabiya kuwa ba sa zama sai ana nuna musu sabon hoto da sabon bidiyo kullum, kuma cikin waɗannan hotunan ne ake tsintar wanda za a ce ya saɓa wa tarbiyya.