Hoto ya ƙi buɗewa a WhatsApp? Ki duba nan kafin ki kai waya wurin gyara

Tun da aka kafa Mata Masu Dubara a Maraɗi a 1991, aikinmu yana tafiya ne da akwati da makullai da shaidar idon jama'a. Yanzu waya ta shigo cikin aikin. Sakatariya tana ɗaukar hoton shafin littafin zubi ta tura wa wadda ba ta samu zuwa taro ba. Maigida da ke cin rani a Kano ko Agadas yana turo hoton takardar Nita ko Al Izza don a je a karɓi kuɗi. Sai ga hoton ya iso dishi-dishi, ki danna, ƴar da'irar nan ta yi ta juyawa, ta tsaya. Ranar zubi ta zo, kuɗi suna can, lambar karɓa tana cikin hoton da ya ƙi fitowa.

Sau da yawa wayar lafiyarta lau. Akwai abubuwa huɗu da za ki duba da kanki, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da kin kashe ko dala ba.

Na farko: rezo da mega

Ki kalli saman wayar, kusa da sandunan rezo. In kin ga harafin E, intanet ɗin mai rauni ne: rubutu zai wuce, amma hoto da bidiyo sai da wahala. In kin ga H+ ko 4G, da sauƙi. Shi ya sa mace take cewa, "Ai saƙo yana shigo mini, me ya hana hoto?" Rubutu kamar ƙullin gishiri ne, bidiyo kuwa buhun gero ne, ba jakin da zai ɗauke su daidai. Ki fito fili, ko ki jira dare ko asuba lokacin da mutane suka rage. Sannan ki tabbata megan naki bai ƙare ba kuma kwanakinsa ba su wuce ba.

Mu mutanen bakin iyaka muna da tamu matsalar dabam. A wajajen Sassumburum, Ɗan Ciyawo, Dogo-Dogo da sauran garuruwan da ke kallon Nijeriya, da yawanmu layi biyu gare mu: ɗaya na gida, Airtel ko Moov ko Zamani, ɗaya na Nijeriya saboda kasuwar Maigatari da ƴan uwan da ke can. Waya tana jan intanet daga layi ɗaya ne kawai a lokaci guda. In kin sayi mega a layi na ɗaya alhali waya tana nema a na biyu, ko kwana za ki yi hoto ba zai buɗe ba. Ki shiga Paramètres, ki nemi wurin layuka, ki zaɓi wanda yake da megan. Wani lokaci kuma layin gida ya kan kama rezon ƙetare da kansa. Ki kunna alamar jirgin sama, ki ƙirga goma, ki kashe ta, waya za ta sake neman rezo.

Na biyu: cikin waya ya cika

Wannan ita ce ta fi yawa a cikinmu. Bidiyon biki, wa'azi, waƙoƙi, gaisuwar Juma'a mai furanni da ke zuwa daga rukuni biyar a rana ɗaya, duk suna kwance cikin waya. Ƙananan wayoyin da muka fi riƙewa ba su da babban ciki. Rumbu in ya cika, ko dami ɗaya ba ya shiga.

A cikin WhatsApp ki danna ɗigo ukun nan na sama, ki shiga Paramètres, sai Stockage et données, sai Gérer le stockage. Zai nuna miki manyan bidiyoyi da waɗanda aka yi ta turawa. Ki goge abin da kin riga kin kalla. Amma ki bi a hankali, kar hoton littafin asusu ko takardar kuɗi ya bi su. A shafin Stockage et données dai akwai wurin hana bidiyo sauka da kansa. In kin rufe shi, sai wanda kika danna kaɗai zai sauko, meganki ya daɗe.

In kina da katin memwar, shi ma ya kan cika ko ya lalace. Ki kashe waya, ki cire shi, ki kunna ki gwada.

Na uku: kwanan wata da agogo

Wannan ba kowa ya san ta ba. WhatsApp ba ya yarda ya sauko da hoto in kwanan watan waya ba daidai yake ba. Wayar da ake cire wa batir a wurin mai caji, ko wadda ta kwana biyu a mace, tana iya tashi da shekarar da ta wuce tuntuni. Ki duba: rana da wata da shekara daidai suke? In ba haka ba, ki shiga Date et heure ki sa ta daidaita kanta da rezo.

Na huɗu: hoton ya tsufa

Hoton da aka turo da daɗewa ba ki buɗe ba, yana iya ƙin sauka sam. Nan ba gyara. Ki ce wa mai shi ya sake turowa. In kuma lambar kuɗi ce ake sauri, ya rubuto ta da hannu ko ya faɗa da murya, ita ba ta buƙatar rezo mai ƙarfi.

Abin da ba a yi

In yaronki ko mai caji ya ce bari ya goge WhatsApp ya sake sawa, ki ce ya dakata. Haka in ya kai hannu wurin Effacer les données. In ba a yi ajiyar saƙonni ba, duk hirarrakin ƙungiya za su tafi, har da shaidar wa ta ci bashi, wa ta biya. Sannan lambar nan mai alƙaluma shida da WhatsApp ke turowa, ba a ba kowa ita, ko da ya ce daga kamfani yake. Wanda ya same ta ya karɓe WhatsApp ɗinki, zai iya roƙon ƴan ƙungiya kuɗi da sunanki.

In kin bi huɗun nan, kin kashe waya kin kunna, abin ya ƙi, to a je wurin mai gyara, kina tsaye a kansa yana aiki.

Shawarata ga shugabanni da ma'ajai: hoto taimako ne, littafi shi ne shaida. Duk kuɗin da suka shigo ta waya, a rubuta su a littafi a gaban jama'a ranar taro, a faɗi adadin da ƙarfi kowa ta ji. Kuma a taro mai zuwa a ware minti goma bayan zubi, wadda ta yi yaƙi da jahilci ta zauna kusa da wadda ba ta karatu, su duba wayoyinsu tare. Allah ya sa albarka a asusunmu.