Ciwon Kumburin Hanji: Dubiyar Kwana Uku Ba Ta Isa Ba

Wajen dubiya ba a bar mu a baya ba. Da an ji wane ya kwanta, kafin la'asar gida ya cika, wannan da lemo, waccan da kunu a fulas, ana ta "sannu, ya jiki, Allah ya ƙara sauƙi." Sai dai dubiyarmu ta saba da ciwon da ke da farko da ƙarshe. Akwai kuwa wanda yakan lafa ya dawo, ya sake lafawa ya sake dawowa, shekara da shekaru, har masu zuwa gaisuwa su gaji su ɗauke ƙafa. Ciwon kumburin hanji, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da IBD, yana cikin irin waɗannan.

Iri biyu ne manya. Akwai cutar Crohn, mai sunan likitan Amurka Burrill Crohn da ya bayyana ta tare da abokan aikinsa a 1932. Tana iya taɓa ko'ina daga baki har dubura. Akwai kuma kolaitis mai gyambo, wanda ke tsayawa a babban hanji. A duka biyun garkuwar jiki ce ke rikicewa ta far wa bangon hanji, sai ya kumbura ya yi gyambo. Mai shi yakan yi fama da gudawa, sau da yawa da jini da majina, ga murɗawar ciki, ga rama, ga ƙarancin jini da gajiyar da barci ba ya maganinta. Wani har gaɓoɓi da idanu da fata sukan taɓu. Ya fi fara bayyana tsakanin shekara 15 zuwa 30, daidai lokacin karatu da neman sana'a da aure. Ƙiyasin shekarar 2017 ya nuna kusan mutum miliyan 6.8 ke ɗauke da shi a duniya. A da ana ganin ciwon Turawa ne, yanzu kuwa ana ƙara gano shi a Asiya da Afirka.

A wajenmu, da an ga jini a bahaya sai a ce basir ne ko atini. A jiƙa sassaƙe, a je kemis a sayo Flagyl, a yi ta maimaitawa. In abin ya ƙi, sai a koma zancen sammu. A sani: ba sammu ba ne, ba a ɗaukarsa ta cin abinci kwano ɗaya ko shiga makewayi ɗaya, ba kuma ƙazanta ke kawo shi ba. Gudawar da ta haura mako huɗu, ko jinin da ke ta dawowa tare da rama, aikin likitan ciki ne. Shi zai auna jini da bahaya, ya leƙa hanji da na'ura mai kyamara, don ciwon yana iya kama da atini ko tibin hanji.

To, ina aikin dangi a nan? Na farko, a yarda da mai ciwon. Ciwo ne da ba ya nunawa a fuska. Saurayi zai yi wanka ya saka shaddarsa, ka gan shi garau, alhali daren jiya bai runtsa ba saboda zaryar bayan gida. In aka ce masa rago, ko aka ce wa matar aure son jiki ne ya hana ta tuƙa tuwo, an ɗora musu wani ciwon a kan na farko. Damuwa ba ita ke haddasa cutar ba, amma tana iya tayar da ita, kuma baƙin ciki da fargaba sun fi yawa ga masu ita fiye da sauran jama'a.

Sai maganar da kowa ke kauce wa, wato makewayi. Ka ɗauki mai wannan lalura a motar haya daga Kano zuwa Abuja. Cikinsa ya murɗa, kunya ta hana shi ce wa direba ya tsaya, in ma ya faɗa fasinjoji su hau tsaki. Gobe ba zai sake tafiya ba. Haka zai daina zuwa ɗaurin aure, ya riƙa tsayawa a sahun ƙarshe kusa da ƙofa ranar Juma'a, daga baya ya daina fita ɗungurungum. A gidan haya mai ban ɗaki ɗaya, "ɗan jira ni in fito" azaba ce gare shi. A Birtaniya ƙungiyar masu wannan ciwo tana ba mambobinta kati da za su nuna a kanti ko tasha don a ba su makewayi nan take. Mu ba mu da katin, amma malamin aji zai iya ce wa ɗaliba ta riƙa fita ba sai ta ɗaga hannu ba, maigida a kasuwa zai iya yi wa yaronsa uzuri, matan gida su bar wa mai ciwon hanya ba tare da habaici ba. Wannan ba ya cin ko sisi.

Malaman addini ma suna da nasu aikin. Shari'a ta yi sassauci ga mara lafiya a azumi, haka ga mai lalurar da ba ya iya riƙe alwala. Masu ciwon da yawa ba su sani ba, kunya kuma ta hana su tambaya.

Wani taimakon kuwa cutarwa ne. Kowane mai dubiya da maganin da yake rantsuwa a kansa. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac na iya tayar da ciwon. Prednisolone yana kwantar da shi in ya tashi, amma ba a zarcewa da shi, ba a kuma yanke shi farat ɗaya sai da umarnin likita. Sigari na tsananta cutar Crohn. Mafi haɗari shi ne a ce wa mara lafiya, "Ai ka warke, bar shan ƙwayoyin nan haka." Lafawa ba warkewa ba ce. Magunguna irin su mesalazine da azathioprine ana shan su ne ko da an ji sauƙi, don kada ciwon ya dawo. Suna da tsada, shan su kuma ba na wata ɗaya ba ne. Da 'yan uwa za su mai da kuɗin lemo da madarar dubiya su zama gudummawar magani duk wata, da sun fi amfanar da shi.

Batun aure, gaskiya ta fi. Mata masu wannan ciwo suna ɗaukar ciki su haihu lafiya, musamman in cikin ya zo lokacin da ciwon ya kwanta. A faɗa wa mai nema tun da wuri, a je wajen likita tare; ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda aka yi wa tiyata aka fitar masa da hanyar bahaya ta ciki da jaka, shi ma yana aiki, yana ibada, yana zaman aure.

Wanda ya kai shekara 8 da kumburin babban hanji yana bukatar a riƙa leƙa hanjinsa lokaci-lokaci saboda haɗarin ciwon daji. Kada a bar shi ya je shi kaɗai. In kana da irin wannan mara lafiya a gida, tambaye shi ranar da zai koma asibiti, ka raka shi.