An Gama Biyan Bashin Mota, Saura Takardu

'Yan'uwa manoma, in ƙungiyar gama kai ta karɓi a-kori-kura ko keke mai ƙafa uku a kan biya kaɗan-kaɗan, don kai gero da gyaɗa daga Roni zuwa Kazaure ko kasuwar Dawanau ta Kano, hankalin kowa yana kan kuɗin wata. Ran da aka biya na ƙarshe sai murna. To, amma motar ba ta zama taku ba tukuna, muddin sunan mai bashi yana kan takardunta.

Ga dalili. A dokar sayen kaya ta biya kaɗan-kaɗan, ta 1965, mai mota shi ne wanda ya ba da ita, ku kuwa kamar 'yan haya ne har sai kun cika kuɗi. Dokar ta ba ku kariya ɗaya: in kun biya kashi 3 cikin 5 na kuɗin mota, ba a ƙwace ta sai ta hanyar kotu. Misali, motar naira miliyan 5, in kun kai miliyan 3. Amma fa ku lura, in biya uku ya taru a kanku, mai ita yana iya ɗauke ta ya ajiye a wurinsa kafin a yi shari'a. Saboda haka ma'aji ya riƙa adana kowane rasit. Ranar gardama, baki ba ya zama shaida.

Da kun gama biya, shugaba da magatakarda su je su karɓo wasiƙar shaidar cewa babu sauran bashi, mai sa hannu da hatimi, da takardun mota na asali, ba hoton kwafi ba. Daga nan sai ofishin lasin don canjin suna. A sa sunan ƙungiya. Kada a sa na shugaba don wai ya fi sauƙi: in ya rasu, magada za su lissafa motar cikin gado, kuma takarda tana bayansu.

Akwai kuma wata rajista da ba a gani a jikin takarda. Tun 2016 Babban Bankin Nijeriya ya buɗe rajistar kayan jingina ta ƙasa, dokar 2017 ta ƙarfafa ta. Banki yakan rubuta motar da ya ba da rance a kanta a can. Sunan ba ya gogewa don kawai kun biya. Ku rubuta wa bankin ku nemi ya soke, ku riƙe kwafin wasiƙar. In ba haka ba, ran da za ku sayar da motar ko ku nemi rancen taki da ita, sai a ce har yanzu tana jingine.

Mai sayen tsohuwar mota ma ya sa a duba masa lambar shasi a wannan rajista kafin ya ƙirga kuɗi.