Yadda Mutanen Da Suke Ƙirga Shekaru, Da Abin Da Ya Shafi Zakkarmu

Bismillahir Rahmanir Rahim. 'Yan'uwa, in ka tambayi tsofaffinmu na Nima ko Maamobi yaushe aka haife su, wani zai ce maka "shekarar da ƙasa ta girgiza a Accra", wato 1939. To, haka Larabawa suke yi kafin Musulunci. Babban al'amari shi ke ba shekara suna, kamar Shekarar Giwa da aka haifi Annabi (SAW) a cikinta.

Maƙwabtansu ma kowa da nasa lissafi. Rumawa suna kiran shekara da sunan manyan jami'ai biyu da aka naɗa a cikinta. Farisawa suna ƙirgawa daga hawan sarki, in ya mutu a koma ɗaya. Kiristocin Masar sun fara nasu daga 284, hawan Sarki Diyokletiyan. Lissafin Miladiyya kuwa sai a 525 wani malamin coci, Diyonisiyus, ya tsara shi.

A zamanin Sayyidina Umar, shekara ta 17 bayan Hijira, daula ta faɗaɗa. Abu Musal Ash'ari ya koka cewa wasiƙu suna zuwa masa ba shekara a jiki. An kuma kawo wa Umar takardar bashi mai cewa a biya a Sha'aban. Wane Sha'aban ɗin, na bana ko na baɗi? Sai ya tara Sahabbai, aka tsaya a kan Hijira, shekara ta fara da Muharram, daidai da Yulin 622. Har yau a Vienna akwai takardar shaidar karɓar tumaki 65 daga Masar mai ɗauke da shekara ta 22.

Ina amfanin wannan a gare mu? Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, ta gaza ta Miladiyya da kamar kwana 11. Kenan shekara 32 ta Miladiyya kusan 33 ce ta Hijira. Ɗan kasuwar da yake fitar da zakka kowace Janairu yana jinkirta haƙƙin talaka duk shekara, a ƙarshe zakkar shekara guda cur ta faɗi bai sani ba.

Don haka ka rubuta watan Musulunci da dukiyarka ta cika nisabi, ka riƙe shi. Allah Ya sa mu dace.